Ɗinkakkiyar Riga: Musayar Waƙa Kan Tarihin Slavia Ta Birnin Prag

Malam Mai Alƙalami:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun daren watan Maris na 2019 da na zauna a gidan kallo har kusan tsakar dare, na ga Slavia ta fitar da Sevilla daga gasar Europa, na shiga bin tarihin wannan kulob na Jamhuriyar Cek, wanda aka kafa ranar 2 ga Nuwamba, 1892. Ga baitocin buɗe fage, ƙwar huɗu, babban amsa-amonsu "ya", kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
In kai gaisuwa ga ɗalibi da malami,
Waɗanda suka haɗa wasa da ilimi,
A Prag suka kafa ƙungiyar Slavia.

Masu koyon likita ne suka zauna,
Tseren keke suka fara yi wa ƙauna,
Sai ƙwallon ƙafa ta zo ta nuna
Cewa ita ce za ta zama sarauniya.

Rigarsu rabi ja ce, rabi fara,
Tela ya haɗe su da zare da allura,
Jar tauraruwa a kai aka ɗora,
Tsininta na ƙasa, daidai zuciya.

Saboda wannan ɗinki da ya ratsa tsakiyar riga ake yi musu laƙabi da "sešívaní" a harshensu, wato ɗinkakku.

Baba Tsohon Gola:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi shimfiɗa mai kyau, sai dai ba a zancen Slavia a tsallake John Madden, mutumin Sikotlan da ya buga wa Celtic, ya horar da kulob ɗin daga 1905 har 1930, kuma a Prag aka binne shi. Ni da na tsare raga a ƙuruciyata, dole in haɗa da František Plánička, golan Slavia da ƙungiyar ƙasar Cekoslobakiya.

Madden ya zo baƙo daga nesa,
Ya koya musu ba-ni-in-ba-ka a ƙasa,
Shekara ashirin da biyar yana bisa,
A Prag ya zauna har barin duniya.

Plánička a raga kamar kyanwa,
Tsallensa ya ba da mamaki ga kowa,
Shi ne kyaftin ranar karawa,
A Rum, wasan ƙarshe da Italiya.

Puč ya fara zura ƙwallo a raga,
Kofin duniya aka hango ta taga,
Masu gida suka farke, suka ja daga,
Aka tashi wasa biyu da ɗaya.

A wancan wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta 1934, takwas daga cikin sha ɗayan da suka buga wa Cekoslobakiya 'yan Slavia ne.

Malama Uwar Ɗalibai:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zan fara da Josef Bican, wanda aka haifa a Biyana a 1913, ya zo Slavia a 1937, aka ci kofin Mitropa, wato gasar kulob-kulob na Turai ta Tsakiya, da shi a 1938. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo bayan 1948, lokacin da sabuwar gwamnatin 'yan gurguzu ta ɗauki Slavia a matsayin kulob ɗin 'yan boko da masu hannu da shuni, ta kuma ƙuduri aniyar rage mata ƙarfi.

Daga Biyana Bican ya iso gari,
Ƙafar dama da hagu duk suna hari,
Gola in ya hango shi sai ya yi shiri,
Da shi aka ɗau kofin Turai ta Tsakiya.

Sai 'yan gurguzu suka karɓe mulki,
Suka sa hannu su warware ɗinki,
Suka kwashe 'yan wasa mafiya aiki,
Aka kai wa soja, ta zama marainiya.

Suna suka canza, Dynamo aka ce,
Filin Letná aka rushe ya ɓace,
Gunkin Stalin ya sa dole ta kauce,
Zuwa Eden ta tattara ta kama hanya.

Rukuni na biyu ya zama masaukinta,
Masoya suka haɗa kai suka tallafe ta,
Gunkin ya faɗi, aka maido sunanta,
Tana sanye da riga ɗinkakkiya.

A 1953 ta koma sabon filinta na Eden a Prag, a 1962 aka farfasa gunkin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, da nakiya. Ita kanta rigar an raba su da ita na wasu shekaru kafin su sake saka ta, kuma a ganina wannan ya fi rushe fili ciwo, domin fili ana iya gina wani.

Autan Zaure:

Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa, ni Sparta, babbar abokiyar hamayyar Slavia a Prag, nake goya wa baya, kuma bai kamata a rufe zancen ba a ambace ta ba. An kafa ta a 1893, ta ci Mitropa a 1927 da 1935.

Shekara ɗaya tak ke tsakaninsu,
Sparta ta biyo ta tare gabansu,
Tun 1896 ake gwabzawarsu,
Farkon haɗuwa canjaras, ba ƙarya.

Mitropa sau biyu Sparta ta ɗauka,
Kafin Slavia ta samu wannan ɗaukaka,
In za ku yi tarihi ku faɗe shi duka,
Kowace ta yi suna ne da kishiya.

Malam Mai Alƙalami:

Ka faɗi gaskiya, ƙanena, kuma Sparta ta fi yawan kofunan lig, ba mai musun wannan. Abin da ya ja ni ga Slavia shi ne haƙurin magoya bayanta, waɗanda suka ga kofi a 1947 ba su sake ganinsa ba sai 1996, shekarar da koci František Cipro ya kai su har wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin UEFA.

Shekara arba'in da tara ba a ɗauka ba,
Jariri ya yi furfura bai gani ba,
Amma bai sauya riga ya bar Eden ba,
Har Cipro ya zo da samari masu juriya.

Poborský mai gashi yana ta gefe,
Šmicer a gaba yana nan tafe,
Suka ɗau kofin lig, baki ya rufe,
A Turai Bordeaux ce ta tsai da tafiya.

Baba Tsohon Gola:

Madalla, Malam. A sabon filin Eden da aka buɗe a 2008, an sa wa rumfa guda sunan Madden, kuma akwai wata al'ada ta bayan wasa da nake so 'ya'yana su lura da ita idan sun sake kallo.

In an tashi wasa ba a watsewa,
'Yan wasa kan zauna bisa ciyawa,
Gaban rumfar arewa ana rerawa,
Su amsa wa masoya murya da murya.

Ranar Sevilla ana ƙarin lokaci,
Traoré ɗan Kwaddibuwa ya zura ci,
Huɗu da uku, Malam ya kasa barci,
A kulob ɗin har da Olayinka ɗan Nijeriya.

Malama Uwar Ɗalibai:

Baba, saura kakar 2020 zuwa 2021, wadda Slavia ta kammala lig ba a doke ta ko sau ɗaya ba a ƙarƙashin Jindřich Trpišovský, ta kuma fitar da Leicester da Rangers a Turai. Na ɗauki alkawarin kawo baitocinta gobe bayan sallar isha'i, in Allah ya yarda, kuma ina so Auta ya shirya amsarsa.