Wane suna za mu ba "persona" ta mataimakin na'ura?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, wasu sakatarorin ƙungiyoyin manoman shinkafa a yankinmu na Auyo da Kafin Hausa suna sa mataimakan ƙirƙirarriyar basira su rubuta musu sanarwar rabon taki da takardun tuni ga masu bashi. Masu ƙera waɗannan mataimaka suna da kalmar "persona", wato halin da ake shimfiɗa wa mataimakin a cikin umarnin farko da ake ba shi kafin a fara hira da shi, domin yadda ya yi magana jiya ya zama haka zai yi gobe.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin abin da ɗan wasan kwaikwayo yake rufe fuska da shi, shi ya sa wasu suka kawo shawarar a fassara ta da "ɓad-da-kama". Ban gamsu ba, domin ɓad-da-kama aikin mayaudari ne, alhali mataimaki nagari ba ya ɓoye cewa shi na'ura ne. "Mutuntaka" ta yi masa yawa. "Murya" kuwa, duk manomin da ya ji ta zai zaci ana nufin saƙon murya na WhatsApp.

Mu dubi abin da sakatare yake gindaya masa: ya buɗe da sallama, ya ce wa dagaci "ranka ya daɗe", kada yau ya ce wa dattijo "ku" gobe ya ce masa "kai", ya yi lissafi da buhu da kwano maimakon kilo, kuma idan ba a ba shi farashin taki ba ya faɗi haka, kada ya ƙago. Wannan ya wuce "salo", domin har da riƙon gaskiya a ciki, kuma abin da Bahaushe yake kira hali ke nan.

Wani dattijo ya ja hankalina cewa hali zanen dutse ne, na na'ura kuwa sakatare yana iya sauya shi kafin shayi ya huce. Gaskiyarsa, don haka nake ganin a ce "tsararren hali", wanda yake nuna cewa mutum ne ya tsara shi, kuma mutumin za a tuhuma idan mataimakin ya yi wa babba rashin ladabi. Taushi ko kaushin maganarsa kuma sai mu kira shi "lafazi", a matsayin reshen tsararren halin.

Ga shi a jimla: "Sakatare, a gyara tsararren halin mataimakin nan, lafazinsa ga masu bashi ya yi kaushi." Malamai, idan kunnenku bai karɓa ba, ku kawo wadda ta fi ta.