Neman shawara kan neman gurbin karatu da wuri a Amurka

Assalamu alaikum. Ɗiyata tana son neman gurbi a jami'ar Dartmouth ta tsarin nema da wuri, wanda ake rufewa ranar 1 ga Nuwamba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni da ita za mu sa hannu cewa idan aka ɗauke ta dole ta karɓa, ta janye takardunta na neman gurbi a sauran jami'o'i, alhali ba ma iya biya sai da tallafin kuɗi, kuma ba za mu ga tayin wata jami'ar ba. Ana cewa an fi samun shiga a wannan zagaye, amma ina zargin 'yan wasanni da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ne suka kumbura adadin. Idan tallafin bai ishe mu ba, ana sake ɗalibi daga alƙawarin? Ko mu dakata sai zagayen Janairu?