Neman shawara: na samu 26, littafi ya ce bayanan ba su isa ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin lissafi ku taimaka mini. Ina shirin jarrabawar GMAT, wato jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, ina kuma haɗawa da tsofaffin tambayoyin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan banki ta Indiya, wato IBPS da SBI, domin a can tambayoyin jeri da matsayi suka fi yawa. Inda nake tuntuɓe shi ne tambayoyin wadatar bayani, waɗanda ake ba mutum tambaya ɗaya da bayani biyu, a ce ya faɗi ko bayanan sun isa a amsa ta. Ga wadda ta tsaya mini:

Ɗalibai nawa ne a layin?
Bayani na I: P shi ne na 12 daga hagu, Q kuma na 10 daga dama.
Bayani na II: Akwai ɗalibai 4 tsakanin P da Q.

Na haɗa 12 da 10 da 4 na samu 26, sai na zaɓi cewa bayanan biyu in an haɗa su sun isa. Amsar da ke bayan littafin kuwa ta ce ko an haɗa su ba su isa ba. Kuskuren bugu ne, ko akwai abin da ban gani ba? Kuma wace hanya zan riƙa bi da irinsu? Na gode.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Littafin yana da gaskiya. Ke ma 26 ɗinki daidai ne, sai dai ba ita kaɗai ce amsar da za ta iya fitowa ba, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Kin ɗauka P yana hagun Q, wato kin ƙirgo 12 daga hagu kin tsaya, kin tsallake mutum 4, sannan kika tarar da Q da mutum 9 da suka rage zuwa ƙarshen dama. Babu inda tambayar ta ce haka suke tsaye. Suna iya giftawa juna, Q ya dawo hagun P. Ɗauki biro ki ja layi mai gurbi 16. Sa P a gurbi na 12 daga hagu. Yanzu ƙirgo 10 daga dama, za ki sauka a gurbi na 7 daga hagu, nan ne Q. Su wa ke tsakaninsu? Na 8, na 9, na 10, na 11. Mutum 4 cif. Ke nan layin mutum 16 ya cika duk sharuɗɗan da aka bayar, layin mutum 26 ma ya cika su. Tunda amsa biyu ce, bayanan ba su isa ba.

Ƙa'idar ita ce: idan ba su gifta juna ba, jimilla ita ce matsayin hagu, a tara da matsayin dama, a tara da na tsakani. Idan sun gifta, a tara matsayin biyu, a cire na tsakani, a ƙara cire 2. A taki tambayar 12 da 10 sun ba da 22, cire 4 saura 18, cire 2 saura 16. Wannan 2 ɗin P da Q ne da kansu, domin in sun gifta kowannensu an ƙirga shi sau biyu, kamar yadda aka ƙirga na tsakaninsu sau biyu.

Amma kada ki haddace cewa duk tambaya mai wannan fasali amsarta "ba su isa ba". Giftawa ba ta yiwuwa sai kowane matsayi ya kai adadin na tsakani da ƙarin 2. A nan 4 da 2 shida ne, kuma 12 da 10 duk sun wuce 6, don haka ta yiwu. Da a ce P na 5 ne daga hagu, mutum 4 ne kawai a hagunsa. Ina za a sa mutum 4 na tsakani, a kuma samar wa Q gurbi? Babu wuri. To a wannan hali amsa ɗaya ce tak, 5 da 10 da 4, wato 19, kuma bayanan biyu a haɗe sun isa. Masu tsara tambaya suna son wannan sauyin ƙwarai, lamba ɗaya za su taɓa amsa ta juye.

Mai tambaya:
Ikon Allah! Malam na zana na gani da idona. Allah ya ƙara basira.

Yaya mai koyar da masu shirin GMAT:
Amin. Malam ya gama da wannan, ni kan hanyar bi zan yi magana.

Ki fara sanin zaɓin GMAT guda biyar kamar sunanki, domin ba sa canzawa. A: bayani na farko shi kaɗai ya isa, na biyu bai isa ba. B: na biyu shi kaɗai ya isa, na farko bai isa ba. C: sai an haɗa su, babu wanda ya isa shi kaɗai. D: kowanne shi kaɗai ya isa. E: ko an haɗa ba su isa ba. A takardun Indiya kuwa ma'anonin biyar ɗin ne, amma jerinsu yakan bambanta. Sau da yawa na uku shi ne "ko wannan ko wancan ya isa", na ƙarshe kuma shi ne "sai an haɗa su". Wanda ya saba da wancan tsarin ya zo GMAT zai warware tambaya daidai ya danna harafin da ba shi ba. Tunda kina haɗa littattafan biyu, ki karanta zaɓin kowace takarda kafin ki fara.

Sai matakan. Ki rufe bayani na biyu da hannu, ki gwada na farko shi kaɗai. In ya isa, amsa A ce ko D, sauran uku sun faɗi. In bai isa ba, saura B, C, E. Daga nan ki koma na biyu, ki manta da na farko gaba ɗaya. Nan ne mutane suka fi faɗuwa: lambar da suka karanta a sama tana maƙale a kansu, sai su ga kamar na biyu ya isa alhali da taimakon na farko suka warware. Ki ja sabon layi a takarda don bayani na biyu, kada ki ɗora a kan zanen farko. Ba a haɗa su sai kowanne ya gaza shi kaɗai.

Tun sabon tsarin GMAT da ya fara a ƙarshen 2023, an ɗauke waɗannan tambayoyin daga sashen lissafi an kai su sashen nazarin bayanai, mai tambaya 20 a minti 45. Wato kusan minti biyu da daƙiƙa 15 ga kowace, kuma tambayoyin jadawali da zane na wannan sashe suna cin lokaci. Don haka da zarar kin tabbatar amsa ɗaya ce za ta fito, ki wuce, ba sai kin kai lissafin ƙarshe ba.

Wani ɗan'uwa:
Ƙaramin ƙari. A irin waɗannan tambayoyin "a'a" ma amsa ce. Misali aji mai ɗalibai 40, an tambaya ko P ya fi Q matsayi. Bayani ya ce P na 15 ne daga sama, Q na 30 daga ƙasa. Mayar da Q zuwa sama: 40, cire 30, ƙara 1, ya zama na 11. Q na gaban P ke nan, amsa "a'a", kuma bayanin ya isa. Wasu da sun ga "a'a" sai su ce bai isa ba. Bayani yana gazawa ne kawai idan wani lokaci ya ba da "e", wani lokaci "a'a".

Malamin lissafi:
Haka ne. Kuma wancan "ƙara 1" da ya yi, a kansa ake asarar maki a banza. Mutum ɗaya in an ba da matsayinsa daga ɓangarorin biyu, jimilla ita ce a tara su a cire 1, domin shi an ƙirga shi sau biyu. Na 12 daga hagu kuma na 10 daga dama, layin mutum 21 ne. Ki lura da bambancin da tambayarki: can mutum biyu ne daban, shi ya sa bayani na I bai isa shi kaɗai ba.

Musayar wuri ma wannan ƙa'idar ce a ɓoye. P na 9 daga hagu, Q na 14 daga dama, suka yi musaya, P ya zama na 17 daga hagu. Gurbin da P ya koma shi ne tsohon gurbin Q, don haka gurbi ɗaya ne muka san shi daga ɓangare biyu: 17 da 14, cire 1, mutum 30.

Anti mai bitar tambayoyin tunani:
'Yar'uwa, kin tambayi layi, amma rabin wannan babin kwatance ne, wa ya fi wa tsawo ko nauyi ko maki, kuma tarkonsa daban ne. Duba wannan. Mutum biyar, P, Q, R, S, T, kowa da tsawonsa daban.

Bayani na I: P ya fi Q da R tsawo, amma bai kai S ba.
Bayani na II: T ya fi P tsawo.

In kin haɗa su, S da T suna sama, P a tsakiya, Q da R a ƙasa. Ba mu san wa ya fi tsakanin S da T ba, haka ma Q da R. To idan aka tambaya wa ya fi kowa tsawo, ba su isa ba. Wa ya fi kowa gajarta, nan ma ba su isa ba. Amma idan aka tambaya waye na uku, P ne babu shakka, sun isa. Bayanai ɗaya, tambaya uku, amsa ta canza. Ɗalibai da yawa suna ganin jerin bai kammala ba sai su yanke cewa bayani ya gaza, alhali ba cikakken jeri aka nema ba. Ni shawarata ki rubuta abin da aka tambaya a saman zanenki kafin ki karanta bayani ko ɗaya.

Sannan ki sa ido a kan kalmar "kawai". "T ya fi mutum biyu tsawo" bai tsayar da shi ko'ina ba, yana iya zama na farko, na biyu ko na uku. "T ya fi mutum biyu kawai tsawo" ya kafe shi a na uku cikin biyar. Haka "bai kai S ba" ba ya nufin yana biye da S kai tsaye, wani na iya shiga tsakaninsu, kamar yadda T zai iya yi a misalin nan.

Wani ɗan'uwa:
Anti, a ƙara da na maza da mata. Yaro na 18 daga sama a aji, mata 7 ne a gabansa. Mutum 17 ke gabansa, cire 7, maza 10, shi ne na 11 a cikin maza. Kuma idan an ce matsayi "a cikin waɗanda suka ci jarrabawa", ba za a san yawan ajin ba sai an faɗi waɗanda suka faɗi, da waɗanda ba su zauna ba in an ambace su.

Mai tambaya:
Jazakumullahu khairan. Tambaya ɗaya ta rage: in lokaci ya ƙure, in yi canke ko in bari?

Yaya mai koyar da masu shirin GMAT:
Ya danganta da jarrabawar, ƙanwata. A IBPS ana cire kashi ɗaya cikin huɗu na makin tambaya ga duk amsar da ba daidai ba, wadda aka bari kuwa ba a cire komai. A GMAT ba a wuce tambaya sai an amsa ta, kuma rashin kammala sashe yana rage maki, don haka ki zaɓa ki ci gaba. Kina iya yi wa tambaya alama ki dawo mata in lokaci ya rage, ana barin a canza amsa har uku a kowane sashe. Ko canken ma kada ki yi shi da ka: gwada bayani ɗaya kawai ya isa ya rage zaɓi daga biyar zuwa biyu ko uku.

Ga ɗaya ki gwada kafin ki kwanta. Mutum nawa ne a layi? I: P na 8 daga hagu, Q na 15 daga dama. II: mutum 7 ne tsakaninsu.

Mai tambaya:
Yaya, 7 da 2 tara ne, 8 bai kai 9 ba, ba za su gifta ba. Ke nan 8 da 15 da 7, mutum 30. C ce.

Yaya mai koyar da masu shirin GMAT:
Daidai. Yanzu mayar da P na 9 ki sake gwadawa, za ki samu 31 da 15.