Sau uku ana ɗage wa Baba tiyatar ƙaba tun zuwan korona, ina mafita?

Autar Baba:

Assalamu alaikum. Mahaifina yana da ƙaba a matsematsinsa na dama. An sa masa ranar tiyata a watan Afrilun 2020, sai korona ta shigo, aka kira mu aka ce an dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba. Muka ce to, ai lalura ce. Ga shi mun shiga 2022, sau uku ke nan ana ɗagewa. Na ƙarshen ne ya fi ci mini rai. Ya kwana bai ci komai ba kamar yadda aka umarce shi, mun isa tun da sassafe, har ya sa rigar tiyata, sai aka ce babu gado, mu koma gida. Dattijo ya cire rigar bai ce uffan ba, ni kuwa sai da na yi kuka a mota.

Kumburin ya ƙaru. Da, in ya kwanta yakan koma ciki da kansa, yanzu sai ya danna da hannu. Ko jikansa ba ya iya ɗauka. Tunda an buɗe ko'ina, me ya hana layin tafiya? Kuma akwai wanda aka rubuta bayan Baba, an riga an yi masa. Wannan ba son kai ba ne?

Nas ɗin tiyata:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin tiyata, kuma ni ma na sha zama wadda za ta fito ta ce wa mutum ya cire riga ya tafi gida. Ba daɗi.

Mutane suna ɗauka likitan fiɗa ne ke ƙarancin lokaci. Sau da yawa yana nan zaune, hannu a wanke. Abin da babu shi ne gadon da za a kwantar da mutum bayan aiki, ko likitan da ke sa barci, ko nas. Da annobar ta yi tsanani, masu sa barci aka kwashe zuwa sashen kulawa ta musamman, don su suka fi iya na'urar taimaka wa numfashi. Bayan an lafa, wasu abokan aikinmu sun ajiye aiki saboda gajiya, wasu kuma duk mako ana killace su. Sannan sababbin marasa lafiya ba su daina zuwa ba, har da waɗanda suka ɓoye ciwo a gida don tsoron asibiti, suka zo da shi ya yi nisa.

Maganar wanda ya riga ku: layin tiyata ba na wa-ya-fara-zuwa ba ne, na wa-ya-fi-shiga-haɗari ne. Mai ciwon daji ba zai jira mai ƙaba ba. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2020 ya nuna kowane jinkirin mako huɗu a tiyatar daji yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari.

To amma ga inda nake so ki kama. An sa Baba a matakin da yake ne bisa yadda aka gan shi shekara biyu da suka wuce. Takardarsa ba ta san kumburin ya ƙaru ba. Ki nemi a sake duba shi, ki faɗa wa likita daidai abin da kika rubuta nan: da yana komawa da kansa, yanzu sai an danna. Wannan na iya sauya matakinsa. In kuwa wata rana kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ko ya kasa bayan gida da fitar da iska, kada ku jira kiran kowa. Hanji ne ya maƙale, ku nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Mai bin labarai:

Ƙari kan bayanin malama, abin ya game duniya. Gungun likitocin COVIDSurg sun ƙiyasta a 2020 cewa tiyata miliyan 28.4 za a soke ko a ɗage cikin makonni 12 na tsananin annobar, kuma ko da ƙasashe sun ƙara yawan aikinsu da kashi 20 cikin ɗari, sai an yi kusan mako 45 kafin a share tarin. Wannan lissafin zagayen farko ne kawai, ga shi cutar ta yi ta dawowa. A Ingila, masu jiran magani a asibiti kusan miliyan 4 da rabi ne kafin korona, zuwa ƙarshen 2021 sun kai miliyan 6. Ɗaya daga cikin dabarun da suka bi ita ce ware cibiyoyin da ba sa karɓar masu gaggawa, don kada a ƙwace gadon wanda aka sa wa rana.

Wanda aka yi wa tiyata:

Ni dai ban yarda duk laifin korona ba ne, tun kafin ta zo layin nan yake ja. Amma abin da ya fitar da ni: na ce a rubuta ni cikin waɗanda za a iya kira in wani ya fasa. Aka kira ni ranar Laraba, aka yi ranar Juma'a, da yamma ina gida. Ki tambaya ko za a iya yi wa Baba irin ta sallamar rana ɗaya, tunda ita ba ta buƙatar gadon kwana.

Nas ɗin tiyata:

Haka ne, in lafiyar jikinsa ta ba da dama. Don haka a kula da hawan jini da suga tun yanzu, in yana shan taba ya bari, don ranar aiki su ma suna sa a mayar da mutum gida. In kuma ya kamu da korona ku sanar da su, don a ƙa'idar 2022 yawanci akan jira mako bakwai kafin a yi tiyatar da ba ta gaggawa ba.

Autar Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira ɗazu, sun ba mu Litinin a sake duba shi, kuma na sa sunansa cikin masu jiran gurbi. Malama nas, yana shan maganin tsinka jini saboda zuciyarsa. In aka kira mu kwana biyu kafin aiki, yaya za mu yi da shi?

Nas ɗin tiyata:

Kada ya daina da kansa. Ki tafi da kwalin maganin ranar Litinin, su rubuta miki ranar da zai tsaya, don kowane iri da nasa adadin kwanakin.