Littafin Ƙarfafa Gwiwa da Tsoron Canji: Abin da Ƴan Fada Suka Ce

A wata fadar matasa a Tawa an tattauna kan littattafan ƙarfafa gwiwa, irin waɗanda ke yawo a WhatsApp da Faransanci. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce mutum ya rubuta abin da yake tsoro a takarda, ya kira abin da sunansa. Mai son barin aikin tela ya koma sana'ar albasar Galmi, in ya zauna ya rubuta, sai ya ga ba canjin yake tsoro ba. Asarar jari yake tsoro, da bakin dangi. Jari kuwa ana iya gwada shi da buhu biyu kafin a sayar da keken ɗinki.

Wani dattijo ya ja kunne: marubutan nan akasari Turawa ne, ba su san nauyin mai ciyar da gida goma ba. "Yaro, wani tsoron hankali ne," in ji shi, yana nufin masu zumuɗin tafiya Libiya ta hamada. Ina ganin gaskiyarsa.

Sauran sun ce a karanta kaɗan-kaɗan, a gwada abu ɗaya, sannan a nemi shawarar wanda ya riga ya bi hanyar.