Neman shawara: na sayi amfilifayar bes ta zamani, shugaban ƙungiyarmu ya ce kada in sake kawo ta wurin biki

Ɗan Mabera Mai Bes:
Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa da masu kayan sauti. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni mai kaɗa jitar bes ne a wata 'yar ƙungiya nan Sakkwato, mu shida. Muna yin kamu da dina da suna, wani lokaci a kira mu Boɗinga ko Illela, sau biyu mun je har Birnin Kebbi. Maigidana da ya koya mini, Allah ya jiƙansa da rahama, tsohon ɗan badujala ne. Ina da shekara 14 na fara ɗaukar masa jaka. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa jita ba, aikina naɗe waya da kakkaɓe ƙura. Ranar da ya fara miƙa mini jitar, bayan la'asar ne a zaurensa, ya ɗora tafin hannuna a kan amfilifayar ya kaɗa tsirkiya mai kauri, ya ce in ban ji ta a ƙashina ba to ban ji ta ba. Amfilifayar Peavey ce, TNT mai sifika ɗaya inci 15, baƙa, kusurwoyinta duk sun sha duka, a samanta akwai tabon kofin shayinsa. Shekara 11 ina aiki da ita. Sai mutum biyu ke ɗaga ta, mai Keke Napep in ya gan ta sai ya ƙara kuɗi. Bara gab da azumi bayana ya riƙe, sati uku ina salla a zaune.

Shi ya sa na yi ta tara kuɗi, na ba wani abokina da ke zuwa Alaba a Legas ya sayo mini Markbass na hannu: kai, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin, samfurin Little Mark III, da akwati daban mai sifika biyu inci 10, masu ruwan ɗorawa ɗin nan. Kan bai kai kilo 3 ba, a jakar makaranta nake sa shi. Yanzu ɗan kabu-kabu ɗaya ya ishe ni. A ɗakina kuwa sautinta wallahi kamar a situdiyo, kowane yatsa ana jin sa.

Ranar Asabar muka yi biki a Arkilla, fili ne da rumfa. Da mai kalangu da mai ganga suka shiga sai na ɓace, ni kaina ba na jin kaina. Da aka tashi, shugabanmu ya ce a gaban yara wai kayan wasan yara na kawo, sifikun kamar idon mujiya, kada in sake zuwa da ita. Kuma muna da aiki Asabar mai zuwa. In sayar ne? In ƙara akwati? Ko in sa a yi wa sifikun baƙin fenti? Don Allah a taimaka.

Kawu Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekara talatin da wani abu ina ɗaurin sauti garin ga, kuma abin da shugabanku yac ce gaskiya na, ko da bai iya hwaɗi ba. Ƙarhe ka yin sauti. Ka tai ka tambayi tarihin Ampeg SVT da anka hito da ita 1969. Wat 300 ta, amma bawul shida ka tura ta, kwalaben nan masu yin ja in sun ɗau zahi, da tiransifoma biyu manya. Kanta kaɗai ya kusa kilo 40. Akwatinta sifika takwas inci 10, har firiji Turawa ka ce mata don girma. Mi ya sa har gobe manyan makaɗan duniya in sunka hau dandali ita ka tsaye bayansu? Don ba su da kuɗɗin sayen ƙarama? Waɗanga na zamani Kilas D na, an cire tiransifoma an sa ɗan allo kamar na cajar waya. Sautin shina da tsabta, awo, amma ba shi da jiki. Kunu na ba gari. Ka sayar tun tana da daraja.

Mai Gyara na Tudun Wada:
Kawu, da girmanka, bari in ɗan sa baki. Malam, kafin ka sayar da komai ka amsa mini abu biyu. Na ɗaya, duba bayan akwatin, om 8 aka rubuta ko om 4, wato awon yadda sifika ke turje wa wuta? Wannan kan wat 500 yake bayarwa a om 4, amma a om 8 wat 300 ne kawai. In naka 8 ne, ka ƙara wani mai 8, su biyu su koma 4, ka samu ƙarfin duka. In 4 ne tun asali, kada ka kuskura ka ƙara. Na biyu, a hannun dama akwai maɓallai biyu, VLE da VPF. A ina ka ajiye su? Mutane da yawa suna tsayar da su tsakiya suna zaton daidai ke nan, alhali waɗannan biyun sai an murɗa su hagu gaba ɗaya suke kashewa. VPF tana kwashe sautin tsakiya, wanda ke tsakanin mai kauri da siriri. A ɗaki daɗi kamar me, a fili kuwa tsakiyar nan ita ce ke ratsa ganga ta kai kunnen mutane.

Fenti kuma ka manta da shi. Takardar sifika za ka ƙara wa nauyi ka lalata.

Ɗan Mabera Mai Bes:
Na gode Malam. Amma maɓallan ba su ne matsalar ba, na san kayana, sati biyu na yi ina gwada su a ɗaki kafin in fita da ita. Duk a tsakiya suke yadda mai ita na farko ya bar su, kuma shi a ƙasar waje yake kiɗa. Kawu, ni fa ba raina tsofaffin kaya na yi ba, da su na tashi. Bayana ne ba zai iya ba.

Mai Fiyano na Gawon Nama:
Ku kuna ta maganar amfilifaya, ni tambayata wa ma ke kiran ƙungiya yanzu? Watan jiya an yi mana alkawarin dina, mun yi sati muna gwaji, ana gobe biki aka bugo wai abokan ango sun ɗauko DJ. Ko kuɗin man janareto ba a mayar mana ba. Kuma gaskiya ɗan'uwa, kada ranka ya ɓaci, yawancin waƙoƙin da ake rawa da su a bikin nan bes ɗinsu da hannun hagu aka kaɗa a fiyano cikin situdiyo. Matan da ke liƙi ba su san akwai mai jita a bayan rumfa ba. Ni da kai ne da kuɗin na sayi babbar sifika mai fitar da sauti mai kauri na shiga ba da haya.

Hajiya Mai Shirya Biki:
Ƙanena, ni ban san wat ba ban san om ba, amma ni nake tsayawa tsakaninku da uwar amarya wajen ciniki. Ido ke fara cin biki kafin kunne. Mace ta biya kuɗi masu yawa, ta leƙo da rana ta ga an jibge baƙaƙen akwatuna sun kai kafaɗa, hankalinta ya kwanta. In ta ga ɗan abu kamar akwatin lefe na ƙarshe, sai ta kira ni gefe ta ce a rage. Ya faru a gabana ba sau ɗaya ba. Sannan launi. Mu muna wata guda muna zaɓen kalar ado da anko, a ce fari da shuɗi, sai ga rawaya biyu suna kallon mai ɗaukar hoto. A kowane bidiyo sai sun fito. Ka samu baƙin yadi marar kauri ka rufe fuskar, ka ɗora ta kan wani babban akwati ko ba ya aiki.

Bes na Mawaƙan Coci:
Hajiya ta faɗi wani abu da su kansu kamfanonin suka gane. Mu Fender Rumble 100 muke amfani da ita, kilo 10 ce, yarinya ma tana ɗauka da hannu ɗaya, amma sun yi mata fuska da yadi mai ruwan azurfa irin na tsofaffin Fender, duk wanda ya gani sai ya ɗauka ta gado ce. Wasu kuma da gangan suke son a gane su daga nesa: Orange ruwan lemo, Trace Elliot kore, Hartke farin ƙarfe a sifika, naka na Italiya rawaya. Ni rawayar tana burge ni.

Game da sauti, Yaya, ba ka faɗa mana ko kuna da miksa, na'urar haɗa sautin kowa wuri ɗaya, da manyan sifiku ba. A bayan kan naka akwai ramin fitar da sauti da ake kira DI, mai baki uku. Ja waya daga nan zuwa miksa, manyan sifiku su ɗauki jama'a, ƙaramar ta zama taka ta jin kanka. A fili babu bangon da zai maido maka da sauti, sifika biyu inci 10 ba za su iya da kalangu su kaɗai ba. In akwai katangar gida kusa, jingina akwatin da ita a ƙasa, za ka ji kaurin sautin ya ƙaru.

Kawu Injiniya:
To kun ji. Ya hwaɗi da bakinai, ba ta iyawa sai an tallabe ta. Abin da ni ka hwaɗi ke nan tun ɗazu. Kuma ku da ka yabon waɗanga ƙanana, ku jira watan Afrilu, zahi ya wuce 40, hwanka ɗai ƙarama ka hura ta, ta kwashe ƙurar hunturu ta cika ciki. Sannan janareton gidan biki shi yi sama shi yi ƙasa. Tsohuwa in ta ƙone, fis na ko tiransisto, kowane mai gyaran rediyo shina canza maka. Wagga in allonta ya tahi sai ka jira wani daga Legas. Mai Gyara, ƙarya ni kai?

Mai Gyara na Tudun Wada:
A nan kam ba ka yi ƙarya ba Kawu, gyaran allon yana da wuya, shi ya sa nake cewa kowa ya sa sitabilaiza tsakaninsa da janareto, ya riƙa hure ƙurar. Amma zancen nauyi ne ke yin sauti ban yarda ba. Sifika takwas na tura iska fiye da biyu, ko wane kai ka ɗora musu. Sifikun zamani ma maganaɗisunsu ne aka canza zuwa niyodimiyam, ƙarami mai ƙarfi, shi ya rage nauyin. Malam mai tambaya, ka ce maɓallan suna tsakiya. To ai abin da nake faɗa ke nan, a kunne suke. Murɗa su hagu. Kuma har yanzu ba ka gaya mini om nawa ba.

Ɗan Runjin Sambo:
Ni abin da ban gane ba, ina Peavey ɗin? Ka kai ta Asabar ɗin nan mana, yara su ɗauka, kafin ka gama shawara.

Ɗan Mabera Mai Bes:
Na sayar da ita, da kuɗin na cika. Wani mai majigi daga wajen Illela ya saya. Kuma kafin wani ya ce wani abu, ni maigida ya ba wa ita da bakinsa yana kwance a asibiti, akwai shaidu. Shugabanmu ɗansa ne na fari, gaskiya ne, amma shi mawaƙi ne, bai taɓa kaɗa bes ba, shekara 11 ko sau ɗaya bai kama mini ɗaukarta ba. Ban ga dalilin da zan nemi izininsa a kan abina ba.

Hajiya Mai Shirya Biki:
Innalillahi. Ƙanena, ai da ka fara da wannan. Ba rawaya ce ta dame shi ba. Mutum ya saba in ya waiwaya yana waƙa ya ga kayan mahaifinsa a bayansa, ranar nan ya waiwaya bai gani ba, kuma a wurin biki ya fara sani. Ka ɗauki wani babba ku je gida ku same shi.

Mai Fiyano na Gawon Nama:
A'a Hajiya, kyauta kyauta ce. Haka shugabanni suke mana, kai ka sayi kaya da guminka, su su ɗauki kaso biyu. Nawa fiyanon da ta lalace a Wamakko ruwa ya dake ta, wa ya ba ni ko sisi?

Kawu Injiniya:
Na san amfilifayar ga, na san mai ita, mun yi aiki tare ba sau ɗai ba. Ɗana ka yi kuskure babba. Ka tai Illela gobe da sahe ka biɗo mutumin ga, ko ribar nawa yac ce ka ba shi, tun ba ta ƙetara Ƙonni ba. Bayanka kuma ka samu yaro shi ɗaukar maka, kamar yadda kad ɗaukar ma wani.

Bes na Mawaƙan Coci:
Kawu, in ya dawo da ita ciwon bayan fa? Yaya, ina da akwati inci 15 om 8 da ba ma amfani da shi sai Lahadi. In naka 8 ne zo ka ara ka gwada ranar Asabar, ka ga ya ƙara girma a ido ma.

Ɗan Mabera Mai Bes:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Amma ni sauti na zo tambaya, ba maganar gida ba, tsakanina da shi babu komai, jiya ma mun gaisa a masallaci. Illela ba zan iya zuwa ba, kuɗin sun riga sun shige. Lambar mai majigin ma tana tsohuwar wayata. Ina ganin zan gwada yadin da Hajiya ta ce. Akwai wanda ya san inda ake samun irin marar kaurin a Babbar Kasuwa, wanda ba zai toshe sauti ba?

Mai Gyara na Tudun Wada:
Malam, om nawa aka rubuta a bayan akwatin?