Surukata ba ta son a kira ta Kaka, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. 'Yata ta fara magana, sai na koya mata kiran mahaifiyar mijina Kaka. Ranar da ta faɗa, fuskar surukata ta canja, ta ce Umma za a ce mata. To, ni ce yarinyar ke kira Umma. Yanzu in ta kira, mu biyu muke juyowa, ita kuma ta rikice ta yi shiru.

Maigida ya ce in bar mata sunan, amma raina bai kwanta ba. Ba na son ɓata mata, domin tana ƙaunata ƙwarai. Wane suna na girmamawa zan samo da ba zai tsufar da ita ba? Kuma ta yaya zan kawo mata maganar?